Don allo ya yi baƙi, ba shi ne kwamfuta ta mutu ba



Makon jiya a ɗakin karatun 'yan mastas, na fita sallar la'asar, na dawo na tarar monita ta yi barci. Na motsa mawus, na buga madannai, shiru kake ji, alhali fankar kwamfutar tana juyawa. Ga shafi 7 na babi na uku ban adana ba, ga sufabaiza yana jira washegari. Wani ya ce, "Malam, danne maɓallin kashewa kawai." Da na biye masa, wataƙila da aikin ya tafi.

A ganina wannan saurin kashewar shi ke cutar da mu. Sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, hoton ne bai isa allo ba.

Fara duba fitilar monita. In ruwan lemo ce, akwai wuta, hoto take jira. Sai ka danna Windows, Ctrl, Shift da B tare, wannan yana sake tayar da manhajar hoto. In bai yi ba, zare wayar HDMI ko VGA ka mayar, ka tabbatar monita tana kan mashigar da ka jona. Ko ka cire wutar monita ita kaɗai na daƙiƙa 30.

Ni dai waya ce ta yi sako-sako. Ina mayarwa, sai ga aikina.

Kashewa ta zama matakin ƙarshe. Kuma don Allah, kafin ka tashi alwala, danna Ctrl da S.

Allah ya ba mu sa'a.