Nawa Aka Biya Mu Muka Yi Shiru?

Mu da muke riƙe da alli a makarantun da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, ya kamata mu fi kowa sanin abin da ke faruwa idan mai mulki ya ce zai toshe bakin malami. Sarkin Gobir Nafata ya kafa doka cewa kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu Usmanu kaɗai, kada maza su yi rawani, kada mata su yi lulluɓi. Yau ga kufan Alƙalawa can, amma littattafan Shehu da ya zauna Sifawa, da na ƙanensa Abdullahi da ya zauna Boɗinga, har gobe karanta su ake yi. Wannan kam muna koya wa yara da alfahari. To, me ya sa idan an zo kan Nafatan zamaninmu sai harshenmu ya yi nauyi?

A watan Afrilun 1978 ɗalibai suka yi bore a kan ƙarin kuɗin abinci, aka buɗe musu wuta a Legas da Zariya, aka soke ƙungiyarsu ta ƙasa. A 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano don tunawa da waɗancan mamata, hukumar jami'a ta kori shugabanninsu, rikici ya tashi. Ran 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Samaru da bindigogi, suka kashe 'ya'yan mutane, har da ɗaliba mace. Kwamitin da gwamnatin Babangida ta kafa ƙarƙashin Janar Abisoye sai ya waiwayo kan malamai, wai akwai masu koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. Kura ta ci akuya, an kama makiyayi da laifin ihu!

Abin bai tsaya nan ba. A 1988 aka cusa Dakta Patrick Wilmot cikin jirgi aka fitar da shi daga ƙasar, aka haramta ƙungiyar ASUU, aka tsare shugabanninta, har da Attahiru Jega. A 1989 aka kori Dakta Yusufu Bala Usman, sai da kotu ta mayar da shi. A 1995 Abacha ya ɗora wa jami'ar soja, Janar Mamman Kontagora, ya zama wuƙa da nama. Maƙwabtanmu na Nijar ma ba su tsira ba: ran 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai.

Wasu za su ce ai zamanin soja ne, ya wuce, a bar kaza cikin gashinta. To, a Nuwamban 2024 ba soja ke mulki ba, amma duniya ta ga yaran Kano da Kaduna, ƙasusuwa a waje, suna sumewa a gaban kotu a Abuja bayan kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Sai da aka yi ca kafin a sake su. Sa'o'in waɗanda ke zaune a azuzuwanmu ne.

Laifin namu ne, malamai da marubuta. Ka tambayi ɗan ajin ƙarshe a Dandin Mahe abin da ya faru a Samaru a 1986, zai zuba maka ido. Ba a hana mu faɗa ba. Tsoron canjin wurin aiki da riƙe albashi ne ya sa muka ɗinke bakinmu da kanmu. Maganar Abisoye ta shige mu fiye da yadda shi kansa ya zata.

Mu rubuta wannan tarihi da Hausa, a waƙe da zube da wasan kwaikwayo, mu karanta wa yara. Albashinmu na aikin koyarwa ne, ba kuɗin toshiyar baki ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya.