Taƙaddamar Hong Kong da gwamnatin tsakiya ta Sin

Taƙaddamar Hong Kong da gwamnatin tsakiya ta Sin saɓani ne na siyasa da zamantakewa tsakanin ɗimbin mazauna birnin da hukumomin Beijing. Hong Kong yanki ne mai ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a kudancin Sin, yana da mutane sama da miliyan 7, da kotunansa da kuɗinsa. Tushen saɓanin shi ne wa ke da ta cewa idan aka zo fassara iyakar wannan 'yanci.

Asali

Birtaniya ta karɓi tsibirin Hong Kong a 1842 bayan ta ci Sin da yaƙi, sannan a 1898 ta karɓi hayar ƙarin filaye na shekara 99. A 1984 ƙasashen biyu suka amince a mayar da yankin hannun Sin, aka kuma yi hakan ranar 1 ga Yuli, 1997, bisa tsarin "ƙasa ɗaya, tsari biyu". An yi alkawarin birnin zai riƙe dokokinsa da salon rayuwarsa har 2047.

Kundin tsarin mulkin yankin ya ɗauke da wani kulli tun farko. Sashe na 45 ya ce burin ƙarshe shi ne jama'a su zaɓi shugaban yankin da ƙuri'unsu, amma sashe na 158 ya ba zaunannen kwamitin majalisar dokokin Sin ikon fassara kundin. Masu rajin dimokuraɗiyya sun dogara da alkawarin, Beijing kuma ta riƙe ikon fassarar.

Zanga-zanga

A 2003 mutane kimanin rabin miliyan sun fito adawa da wani ƙudurin dokar tsaro, gwamnati ta jingine shi. A 2014 Beijing ta yanke cewa sai wani kwamiti ya tantance masu takarar shugabancin yankin, abin da ya sa ɗalibai da sauran jama'a suka mamaye manyan tituna na tsawon kwana 79. An san wannan da zanga-zangar laima.

Rikici mafi girma ya ɓarke a 2019, lokacin da gwamnatin Carrie Lam ta gabatar da ƙudurin da zai ba da damar miƙa waɗanda ake tuhuma ga kotunan babban yankin Sin. An janye ƙudurin a watan Oktoba bayan watanni ana arangama da 'yan sanda, amma zuwa lokacin buƙatun masu zanga-zangar sun faɗaɗa zuwa neman zaɓe na kowa da kowa.

Martanin Beijing

Ranar 30 ga Yuni, 2020, Beijing ta kafa wa yankin dokar tsaron ƙasa ba tare da ta bi ta majalisar Hong Kong ba. Dokar ta haramta neman ɓallewa, da yi wa gwamnati zagon ƙasa, da ta'addanci, da haɗa baki da ƙasashen waje, kuma hukuncinta na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. A 2021 jaridar Apple Daily ta rufe, aka kuma sauya dokar zaɓe: kujeru 20 kacal cikin 90 ne jama'a ke zaɓa kai tsaye, maimakon 35 cikin 70. A Nuwamban 2024 kotu ta ɗaure 'yan adawa 45 saboda shirya zaɓen fitar da gwani.

Harshe da zamantakewa

Yawancin mazauna birnin suna magana da Kantonanci, suna kuma rubutu da tsofaffin haruffan Sinanci, yayin da babban yankin ke amfani da Mandarin da sauƙaƙan haruffa. Wannan bambanci, haɗe da tsadar gidaje, ya ƙarfafa wa matasa da yawa jin cewa su 'yan Hong Kong ne kafin komai.

Matsayin ɓangarori

Beijing da gwamnatin John Lee sun ce dokokin sun dawo da zaman lafiya, kuma lamarin na cikin gida ne. Birtaniya ta ce an saɓa yarjejeniyar 1984, ta kuma buɗe wa mazauna birnin hanyar biza ta musamman a 2021. Manyan zanga-zanga sun tsaya tun daga 2020, sai dai alkawarin sashe na 45 bai cika ba, kuma wa'adin 2047 yana ƙara matsowa.