Martani: Malam, A Bar Wa Jita Makunninta

Wani marubuci ya ce sanya makunni mai juyawa a jitar lantarki ɓarna ce, wai yana sace mata murya. Malam, ka so zuciyarka.

Maɓallin amo da aka saba da shi kafasita ɗaya gare shi. Aikinsa kawai rage kaifin sauti. Ka murɗa shi zuwa ƙarshe, jitar ta koma kamar mai mura. Shi kuwa wannan makunni mai juyawa, wato Varitone, wanda kamfanin Gibson ya fito da shi a jitar ES-345 a 1959, matsayi shida gare shi. Na farko yana barin sautin ya wuce. Sauran biyar ɗin kowanne yana bi da shi ta kafasita dabam haɗe da kwayil, ya zaftare wani yanki na amon, har jita mai kauri ta yi siririyar murya tsaf-tsaf.

Gaskiya ne ƙara tana ɗan raguwa. To, ina amfanin maɓallin amfilifaya?

Makaɗi B.B. King ya shekara da shekaru yana kaɗa jitarsa Lucille da wannan makunni a jikinta. Ka saurare shi tukuna, sannan ka dawo mu yi maganar satar murya.