Kafin Mu Hana Yara Karanta Ganɗoki

A Tambuwal da Kebbe, kamar sauran wurare, akwai iyaye masu bi da ke ɗari-ɗari da littafin Ganɗoki, domin a cikinsa jarumi yana yaƙar Nasara yana kirari. Wasu har cewa suke kada yara su taɓa shi. Mu a ganinmu hani ba shi ne magani ba. Abin da ya kamata shi ne a nuna wa yaro wanda ya rubuta littafin, da zamanin da aka rubuta shi.

Malam Bello Kagara ne marubucin. A wancan zamani garinsu Kagara yana cikin ƙasar Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, ya kafa. Bello yana yaro sojojin Ingila suka ci Kwantagora a 1901, suka ci Sakkwato a 1903, a shekarar kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Nasaran da ke cikin littafin su ne waɗannan masu bindiga da suka zo cin ƙasa. Ba manomin Kebbe mai zuwa sujada ran Lahadi ake nufi ba. Bugu da ƙari, Bello malami ne a Kwalejin Katsina, kuma gasar da Bature Rupert East ya shirya a 1933 ce ta haifi littafin. Ashe Turawan da aka yaƙa a cikin labarin su ne suka buga shi.

Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya fito a 1934, alhali sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Masu karatunsa na farko sun san bayi ido da ido, saboda haka wahalar uwar Umar ba tatsuniya ba ce a gare su.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba ma karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon sai mun tuna daga kurkuku ya rubuta ta, a kan bawan da ya gudu. Me zai hana mu yi wa littattafan maƙwabtanmu irin wannan adalci?

Yaron da bai san tarihi ba, zai rufe Ganɗoki da fushi ko da tsoro. Muna roƙon malaman makaranta da dattawan ikkilisiya su zauna da yara su bayyana musu waɗannan abubuwa, sa'an nan a buɗe shafin farko.