Jirage Marasa Matuƙa A Kan Taron Jama'a: Wa Zai Tsare Mana Sararin Gaya?

A 'yan shekarun nan wani baƙon abu ya shigo cikin bukukuwanmu, har ya fara zama ɗan gari. Da wuya yanzu a yi babban ɗaurin aure, ko taron siyasa, ko hawan salla a ƙasar Kano, ba a ji wani abu yana ƙugi a sama kamar taron zuma ba. Wannan shi ne ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi, mai farfela huɗu, wanda masu ɗaukar hoto ke sarrafawa daga ƙasa. Abin ya wuce birni, ya iso garuruwa irin su Gaya da Ajingi. Yara na ta murna, manya na ɗaga kai suna mamaki, amma kaɗan ne ke tambaya, wa ya ba shi izini, in kuwa ya faɗo, wa zai ɗauki alhaki?

Tun da farko mu faɗa, ba mu cikin masu ƙyamar wannan na'ura. Mutanen Gaya maƙera ne tun asali, labarin Abagayawa da na wuƙar Bayajida sananne ne ga kowane ɗan makaranta, ba su za a koya wa darajar kayan aiki ba. A ƙasar Ruwanda daga shekarar 2016 kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin ƙauye da irin waɗannan jirage, a 2022 kuma ya soma kai magunguna a Jihar Kaduna. Amfaninsu a fili yake. Maganarmu a kan wuri guda take, watau tashinsu bisa kawunan mutane.

To, ina haɗarin? Irin waɗanda masu hoto suka fi riƙewa nauyinsu wajen kilo ɗaya ne. Malaman lissafi na iya gwada wannan da 'yan ajinsu: abin da ya suɓuto daga tsawon mita 30, in an ɗebe tokarar iska, yakan iso ƙasa da gudun kilomita 87 a awa. A haɗa wannan da farfela mai kaifi tana juyawa. Dalilan faɗuwa kuwa ba su da nisa da mu. Batirinsa ba ya daɗewa, zafin bazara na raunana shi, ƙurar hunturu na shiga injinsa, iskar hadari na kwashe shi, sa'an nan saƙon rediyo da ke tsakaninsa da mai riƙe da shi yakan yanke. A watan Disamba na 2024, a birnin Olando na Amurka, wasu daga cikin jiragen da ake wasan fitilu da su suka yi karo suka faɗo, ɗaya ya ji wa yaro ɗan shekara 7 mummunan rauni, alhali ƙwararru ne ke gudanar da wasan.

Amma a ganinmu faɗuwar ba ita ce babbar barazana a wajenmu ba. Babbar ita ce firgita. Doki dabba ce mai saurin zabura, in abu mai ƙara ya sauko masa ta sama a tsakiyar hawa, ko gwanin mahayi sai ya yi da gaske, ga kuma mata da yara cunkushe a gefen hanya. Su ma mutane zukatansu ba a kwance suke ba. Ba mu manta da daren 3 ga Disamba 2023 ba, sa'ad da jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, aka binne mutum 85 a ƙidayar hukumar agajin gaggawa, rundunar soja kuma ta ce kuskure ne. Lalle wancan jirgin yaƙi ne, ba irin na masu hoto ba, amma talaka da ya ji ƙugi bisa kansa cikin dare ba shi da halin bambancewa. Mutum ɗaya ya ruga, sai dubu su bi shi, turereniya kuwa ta fi faɗuwar jirgin kisa.

Doka fa akwai ta. A watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta hana kowa tayar da irin wannan jirgi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ƙa'idojin sufurin sama na 2023 sun keɓe musu babi na kansu. A watan Janairu na 2025 sojoji suka hana tashinsu a Borno da Yobe da Adamawa, bayan 'yan ta'adda sun kai hari da su kan sansanin Wajiroko. Ƙasashen Tarayyar Turai ma, tun ƙarshen 2020, sun hana mai ƙaramin izini ya bi ta kan cincirindon jama'a, ko ya haura mita 120.

Ga inda gizo ke saƙa. Dokarmu a Abuja take zaune, taro kuwa a ƙofar fada da filin Idi da bakin kasuwa ake yinsa. An tsara neman izinin ne da manyan kamfanoni a zuciya, ba saurayin da ya tara kuɗin ɗaukar hoton biki ya sayi jirgi ɗaya ba. Dokar da ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi tsauri, kuma babu mai tsaronta a kusa, ƙarshenta a bi ta bayanta. Haka kuwa ake yi.

Wani zai ce, ai Tsarin Mulki ya danƙa sha'anin jiragen sama ga Gwamnatin Tarayya kaɗai, ina ruwan ƙaramar hukuma? Gaskiya ne, sama ba tamu ba ce. Amma jirgi daga ƙasa yake tashi, a ƙasa mai shi yake tsaye. Kasuwa da tasha suna hannun ƙaramar hukuma, filin makaranta na hannun hedimasta, filin hawa na hannun masarauta. Masarautar Gaya, yadda aka sake kafa ta a watan Yuli na 2024, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, ƙananan hukumomi uku kacal, shawara ɗaya na iya game su cikin sauƙi.

Saboda haka muke ba da shawara kamar haka. Na farko, duk mai shirya babban taro ya sanar da hakimi da baturen 'yan sanda sunan wanda zai tayar da jirgi, a ga takardar izininsa, a rubuta a littafi, kamar yadda akawun En'e ya riƙa rubuta lasin ɗin keke da na bindiga a da. Na biyu, a ware masa wuri a gefen fili, ya ɗauki hotonsa daga can, kada ya ratsa ta kan sahu ko kan dawaki. Na uku, sankira ko mai lasifika ya shaida wa jama'a tun kafin a fara, don kada kowa ya razana. Na huɗu, kada a tashe shi da dare a taron addini, ko in hadari ya haɗo. Na biyar, wakilanmu a majalisa su nemi a buɗe hanyar rajista mai sauƙi a Kano, a koya wa samarin nan ƙa'ida, don wanda aka koya wa ya fi wanda aka kora.

Malaman makaranta da akawunan hukuma, wannan aiki naku ne kafin na kowa, don ku ne ke karanta doka ku fassara wa jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu jira sai an ɗauko wani yaro daga filin Idi zuwa asibiti sa'an nan mu kafa kwamiti. Allah ya kiyashe mu, ya sa mu yi bukukuwanmu lafiya, amin.