Har yaushe za mu ci gaba da karo-karon kuɗin beli?



Duk wanda ya daɗe a unguwar nan ya san yadda abin yake. Da daddare mota ta tsaya kusa da Kasuwar Kifi, a kwashi mai shayi, mai ga-ruwa, ɗan keke da mai wankin takalmi, ba tambaya ba bincike. Laifinsu ɗaya: sun yi kama da talaka ɗan Arewa. Kashegari sai mu kewaya da hula, kowa ya jefa abin da ya samu, dattawa su je su durƙusa su roƙi arziki, a biya a sako yaran. Bayan mako biyu motar ta dawo.

Ku yi haƙuri, zan faɗi mai ɗaci: kuɗinmu ne ke dawo da motar. Wanda ya gane akwai tsuntsu mai ƙwan zinare a Kado, me zai hana shi zagayowa?

Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a Abuja akwai. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a inda ya ga dama. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila, addini ko asalinsa. Beli kuwa kyauta ne, rundunar 'yan sanda da bakinta take faɗa.

Wani zai ce wannan duk a takarda ne, talaka ba ya cin nasara kan mai kaki. To mu tuna da Apo. Ranar 20 ga Satumba 2013 sojoji da jami'an DSS suka buɗe wuta a wani kango inda 'yan ci-rani ke kwana, yawancinsu masu tuƙa keke. Mutum 8 suka rasu, 11 suka ji rauni, aka ce 'yan Boko Haram ne. Da an tsaya a "sai haƙuri", da wannan sunan za su tafi kabari. Amma an kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, kuma a 2014 ta ce babu hujjar wannan zargi, ta umarci gwamnati ta biya naira miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane mai rauni. Kuɗi ba ya dawo da rai, amma an wanke sunansu.

Ba na kare ɓarawo. Idan ɗanmu ya yi sata, a kai shi gaban alƙali, mu ma za mu ba da shaida. Abin da na ƙi shi ne kamun kan mai uwa da wabi.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya: kuɗin da muke tarawa na beli, mu ɗauki lauya da shi. A buɗe littafi, duk wanda aka kama a rubuta sunansa, rana, lokaci da ofishin da aka kai shi. Idan ya wuce kwana ɗaya, lauya ya tafi, ba dattijo da ambulan ba. Masu keke da masu shayi kowa ya mallaki katin shaida da lambar sakatare.

Roƙo mun gwada shi shekara da shekaru, ga inda ya kai mu. A taro mai zuwa a sa wannan batu a gaba. Allah Ya kare mana mutuncinmu.