Idan Tuwo Ya Fara Tsayawa A Ƙirji: Jan Hankali Kan Dajin Maƙoshi

Kwanakin baya na je Kutama, cikin Ƙaramar Hukumar Gwarzo, gaisuwar rasuwar wani baffana, manomi da ya haura shekara 60. Iyalinsa sun shaida mini cewa abin ya faro ne daga nama, ya ce yana maƙale masa a ƙirji. Daga nan tuwo ya gagara, aka koma kunu, a ƙarshe ko ruwa sai da kyar. Wata takwas ana ba shi maganin olsa, wasu na cewa sammu ne. Lokacin da aka kai shi Kano, likitoci suka ce ciwon dajin maƙoshi ne, kuma ya riga ya yaɗu.

Mai karatu, maƙoshin da nake nufi shi ne hanyar da abinci ke bi zuwa tumbi, mai tsawon kimanin santimita 25 a jikin babba. Idan daji ya tsiro a cikinta sai ta riƙa tsukewa sannu a hankali. Shi ya sa abu mai tauri ke fara tsayawa kafin mai ruwa, rama kuma ta biyo baya. Alƙaluman cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa sun nuna cewa a 2022 sama da mutum 500,000 suka kamu da shi a duniya, fiye da 400,000 kuma suka rasu. Babban dalilin wannan asara shi ne makara wajen zuwa asibiti.

Gaskiya ne cutar ta fi tsanani a Sin da Iran da Kenya da Malawi fiye da ƙasar Hausa, amma abubuwan da ke jawo ta muna da su a gida. Akwai taba da giya, da ƙwarnafi mai daɗewa, da ƙunar sodar yin sabulu idan yaro ya sha bisa kuskure. A 2016 ita wannan cibiya ta sanya abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi. Ashe ke nan mu masu kurɓar shayi da koko suna tururi muna da abin dubawa.

Ba a gane ciwon sai likita ya zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki, ya tsinko ɗan nama a gwada. Idan an tare shi da wuri, ana yanke wurin da ya kamu, a haɗa da magungunan da ake sakawa ta jijiya da gashi da hasken na'ura, kuma ana warkewa. Idan ya yi nisa, sai dai a saka ɗan bututu ya buɗe hanya domin majinyaci ya samu ya ci abinci.

Don haka nake kira ga ma'aikatan lafiya na Gwarzo da Kabo da su daina sallamar mai wahalar haɗiya da maganin olsa, su tura shi manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya ba tare da jinkiri ba. Asusun tallafa wa masu daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da dajin nono da na bakin mahaifa da na prostet. Ya kamata talaka mai dajin maƙoshi shi ma ya samu irin wannan agaji. Limamai da masu unguwanni kuwa su faɗa wa jama'a cewa neman magani ba ya karo da tawakkali.

Ajali na Allah ne, babu shakka. Amma Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda loma ta fara tsaya masa a ƙirji har mako biyu ko uku, ya garzaya asibiti, kada ya jira sai kunu ya gagara. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.